Dariyar Da Sitti Ta Gane

Assalamu alaikum, 'yan uwana masu haƙuri da ni. Na ga saƙonninku kaf, har da na wadda ta ce in ban dawo ba za ta biyo ni Makka ta ƙwace wayata ta karanta da kanta. Bismillah, 'yar uwa, ga Zamzam ga dabino, amma wayata kam a'a. Abin da ya hana ni rubutu kwana biyu shi zan ba ku yau, kuma wallahi har yanzu in na tuna sai in rasa dariya zan yi ko rufe fuska.

Ga waɗanda yau suka fara cin karo da ni, sunana Mubina, shekarata ashirin da huɗu. A Misfala aka haife ni, a wani tsohon bene da in ka hau rufinsa kana hango hasumiyar agogo. Ban taɓa taka Najeriya ba. Wannan Hausar da kuke karantawa rabinta a bakin kakata na tsince ta, rabin kuma a fina-finai. Kakar tawa ita ce Hajiya Zinariya, mahaifiyar Abba, amma mu Sitti muke ce mata kamar yadda yaran Makka ke kiran kaka. Tana amarya ta zo aikin Hajji da mijinta daga Kano, shekara sittin ke nan, ba su koma ba.

Shi kuwa Sabitu, wanda saboda shi kuke hana ni sakat, ɗan Zariya ne. Shekararsa huɗu a nan da iƙamarsa, wato takardar izinin zama, yana gyaran na'urar sanyaya ɗaki a benayen alhazai da Abba ke kula da su a Aziziyya. Na fara ganinsa ranar da na kai wa Abba makullan da ya manta, ina sabuwar shiga tuƙi, na ajiye mota a karkace har na tare ƙofar bene. Ya sauko daga tsani ya yi ta nuna mini da hannu yadda zan murza sitiyari, kuma ya rantse mini daga baya wai ko sau ɗaya bai kalle ni ba. Wanda bai kalle ni ba ne ya sami Abba da magana bayan wata biyu.

Abba ya ba shi lambata ya ce mu fahimci juna, amma ya kafa sharaɗi tun ranar.

"Ni ma ɗa ne a gidan nan. Wanda Hajiya ta ce to, shi ne to. Wanda ta ce a'a, ko ni ba ni da ta cewa."

Ummi kuwa tana da nata ɗan takarar, Bandar, ɗan yayarta Khala Haifa. Allah ya sani ba ta tilasta mini, amma Ummi ta iya matse mutum ba tare da ta taɓa shi ba. Ina yanka albasa za ta zo ta tsaya a kaina.

"Ya binti, ɗan ƙasa ne. Takardunsa a hannu, aikinsa a hannu. Wancan kuwa sai an nemi izinin aure, a yi ta zarya daga wannan ofis zuwa wancan. Lesh? Wahalar ta mece ce?"

"Ummi, albasar nan ta isa?"

"Ki ci gaba da mayar da ni rediyo."

Ba na ƙin Bandar, yaron kirki ne, tare muka tashi. Amma da aka buɗe sinima a Jidda farkon shekarar nan har hoton tikitinsa ya turo mini. Na tambaye shi labarin fim ɗin, ya ce da Larabci, wallah mota goma sha biyu ce ta fashe. Na ce labarin fa? Ya ce ai shi ke nan labarin. Ku gaya mini, ni da nake iya kwana uku ina mita a kan fim ɗaya, me za mu riƙa cewa da juna bayan an ci abinci?

Don ku gane abin da ya faru, sai kun san Sitti da kallo. Kullum bayan azahar, in an ci an sha, za ta miƙe ƙafa a kan katifarta ƙarƙashin na'urar sanyi, carbi a dama, rimot a hagu, ta ce, "Mubina, sa mana mutanen gida." Ba ta riƙe sunan fim ko ɗaya. Ita ke raɗa musu suna: na mai jan mayafi, na likitan ƙarya, na 'yan biyun da aka musanya. Kuma ba kallo kawai take ba, shiga ciki take. In an zuba wa mutum magani a lemo sai ta ɗaga murya, "Kar ka sha, ɗan nan!" In ya sha ta tafa hannu ta ce ai ta gaya masa. Ta san da kyamara, ta san aiki ne, amma ra'ayinta ɗaya ne kuma ba ya motsi: mutum ba ya iya kwaikwayon abin da babu shi a ransa.

Da Sabitu ya ji wannan labarin sai ya fara zubo mata fina-finai a filashi yana ba Abba. Abba, wanda bai taɓa zama ya ƙare fim ɗaya ba a rayuwarsa, ya zama ɗan aike, yana dawowa daga Aziziyya ya zaro filashi daga aljihun jallabiya yana ƙunƙuni. Ni kuma duk wanda muka gama sai in tura wa Sabitu sharhi da murya. Haka muka saba. Wasu da kalaman soyayya suke farawa, mu da gulmar 'yan fim muka fara.

Misali makon da muka kalli na likitan ƙarya, na ce masa, "Don Allah me ya sa kowane likita sai ya cire tabarau ya girgiza kai kafin ya yi magana? Kuma lemon nan har kumfa yake yana canja kala, amma Alhaji ya ɗauka ya shanye. Ba shi da ido ne?"

Ya rubuto, "Ƙishirwa ce. Kin san zafin Kano."

Na ce, "Na mai jan mayafi kuwa na so shi, yarinyar ta iya kuka ba tare da ta ɓata kwalli ba. Amma ana tsakiyar zaman makoki sai ga su a lambu sun canja kaya kala biyar suna waƙa. Sitti tana tambaya wai gonar waye, kuma sun nemi izini?"

Ya rubuto, "Ki ce mata gonar gwamnati ce."

Har na Turkiyya da Ummi ke bi ban ƙyale ba, wanda aka kai kashi na ɗari da arba'in mutum biyu suna kallon juna a bakin teku ba wanda ya ce uffan. Ita Ummi cewa take fim ɗin Hausa ciwon kai yake sa mata, ihu ya yi yawa, kuma in tsofaffi suka saki Hausarsu ta can ciki ba ta kama rabi.

To, bayan Hajjin bana wata Hajiya 'yar Bichi da ta sauka a benen Abba ta aiko wa Sitti da tsaraba: kuka, daddawa, da tsofaffin faifai goma a leda. A cikinsu akwai wani da ko hoto babu a bayansa. Muka sa. Hoton ya dushe, sautin na shiga yana fita. Labarin wani saurayi ne da ya yi arziki a birni, uwarsa ta zo daga ƙauye da ƙullin kayanta, ta same shi a tasha cikin abokansa masu kuɗi. Ya ce bai san ta ba. Suka shiga mota suna dariya, aka bar tsohuwa zaune a kan ƙulli. A nan fim ya ƙare, aka rubuta a jira kashi na biyu.

Sitti ta yi kuka har da sheshsheƙa. Ta raɗa masa na ɗan tasha, kuma a mako ɗaya sau huɗu ta sa na maimaita mata, kowane kallo da sabuwar addu'ar da take ja wa yaron. Ni sau ɗaya na kalla sosai, shi ma rabin hankalina na kan waya. Amma hakan bai hana ni sharhi ba.

"Sabitu, yau mun ga abin takaici. Tsohuwar ta yi ƙoƙari, har ƙwalla na yi. Amma wanda ya fito a ɗanta! Wa ya ba shi aikin nan? An ce ka fito a mugu, ka kalli uwarka ka ce ba ka san ta ba, shi kuma sai kallon takalminsa yake, murya na rawa kamar ɗalibin da bai yi hadda ba. Ga suma ya tara, ga baƙin tabarau ya cinye rabin fuska, ga wata kwat da ta yi masa yawa, ga kunnuwa kamar murfin tukunya. Wallahi shi ya kashe fim ɗin."

Ya saurara, na ga alama. Sai da aka yi awa guda ya rubuto.

"Allah sarki. Ƙila yana da uzurinsa."

"Wane uzuri? In ba ka iya ba ka bar wa waɗanda suka iya."

"Ai kuwa ya bari."

"Ka san shi ne?"

"Ana kirana, wata na'ura ta tsaya a hawa na shida."

Na ji ku, na ji ku. Yanzu kowa cikinku ya gane. Ni a lokacin ko a jikina, na ajiye waya na tafi wanke-wanke.

Ana haka Ummi ta ce ita fa ta gaji da wannan rubuce-rubucen waya, in da gaske yake ya zo shofa kamar yadda ake yi. A nan ba a zance a ƙofar gida irin wanda nake gani a fim. Saurayi zai zo majalisar gida ya zauna da uban yarinya, ita kuma ta shigo da gahawa, su ga juna na 'yan mintoci, ta fita. Wannan ita ce shofa. Na san lissafin Ummi: gani take in ya zo Sitti za ta kushe shi, a huta. Sitti kuwa ta ce da ita za a zauna, don a shekarunta babu majalisar da ba za ta shiga ba.

Aka sa Juma'a bayan la'asar. Tun safe gidan ya rikice. Ummi ta fito da doguwar riga ruwan zuma mai duwatsu a wuya, Sitti ta ce atamfa za a sa, ɗan Zariya ne ba ɗan Beirut ba. Aka yi ta ja har azahar. A ƙarshe na sa rigar Ummi, na yafa mayafi ruwan madara, na sa 'yan kunnen zinaren Sitti masu nauyi da ta zo da su daga Kano. Aka turara ni da turaren wuta har idona ya yi ja. Ummi duk da ba ta so, ba ta yarda a raina gidanta ba: ta jera dabino kala uku, biskit mai dabino a ciki da ake kira ma'amul, da finjalan da ba a fito da su sai Idi.

Shi kaɗai ya zo, don ba shi da kowa a nan. Ta labule na leƙa. Farar shadda ce a jikinsa ta sha guga, hula ta zauna daidai, gemu an gyara, a hannunsa ledar tsire mai zafi daga unguwar Jarwal, wai na Hajiya. Ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ta, murya can ciki. Sitti ta amsa tana murmushi, ta ce a ajiye mata tsiren kusa. Na ce a raina, alhamdulillahi, an ci rabi.

Wayata ta yi ƙara a hannuna. "Gwiwoyina sun ƙi tsayawa." A gaban Abba ya rubuto, marar tsoro. Na mayar masa, "Nawa tun jiya suka tafi."

Abba ya kira ni. Na shiga da butar gahawa a hagu, finjalai a dama, idona a kan kafet. Na zuba wa Sitti, na zuba wa Abba, na zuba masa. Kun san gahawar nan ɗan kaɗan ake zubawa a gindin finjali, in baƙo ya ƙoshi sai ya ɗan girgiza finjalin kafin ya miƙo, in bai girgiza ba a ƙara masa. Sabitu ya san haka sarai, amma tsoro ya goge masa komai. Ya shanye ya miƙo, na ƙara. Ya shanye ya miƙo, na ƙara. Ni ma kaina ba a kaina yake ba, zubawa kawai nake. Sai da muka kai bakwai Abba ya yi gyaran murya.

"Sabitu, girgiza finjalin nan, ɗana. In ba haka ba yarinyar nan za ta juye maka butar duka, mu kwana da kai a asibiti."

Sai Sabitu ya yi dariya. Ban taɓa jin dariyarsa ta gaske ba, a waya hoton fuska mai dariya kawai yake turowa. Wata irin dariya ce mai hawa uku, ta fara a ƙasa, ta hau, ta ƙare da ɗan shaƙuwa. Ta yi mini daɗi har na ɗago kai.

Sitti ta ajiye finjalinta a hankali.

"Sake."

"Na'am, Hajiya?"

"Dariyar nan. Sake ta."

Ya yi tsuru-tsuru. Wa ke iya dariya bisa umarni? Sitti ta miƙa hannu ba tare da ta ɗauke ido daga kansa ba.

"Dawuda, ba ni tabarauna."

Abba ya miƙa mata. Ta sa, ta matso da fuska, ta ce ya cire hula. Ya cire. Kunnuwan nan suka fito fili.

"La'ilaha illallahu," in ji Sitti. "Kai ne. Kai ne ka bar uwarka a tasha!"

Abba ya dubi wannan ya dubi wancan. "Wace tasha kuma? Hajiya, mahaifiyarsa tana Zariya lafiya lau."

"Ai dole tana Zariya, tunda can ya yar da ita! Da ƙullinta, rana na dukanta, shi yana cikin mota yana wannan dariyar!"

Ƙofa ta buɗe. Ummi, wadda ashe tun ɗazu kunnenta na manne da ita, ta shigo tana gyara mayafi. "Esh? Uwarsa ya yar?" Ban taɓa jin tashin hankali mai ɗauke da farin ciki irin na muryar nan ba.

Sabitu ya sunkuyar da kai, hula a hannu. "Ni ne, Hajiya. Fim ne, shekara goma sha ɗaya ke nan. Shi kaɗai na taɓa yi."

Butar gahawa ta kusa suɓuce mini. Suma. Tabarau. Murfin tukunya. Duk abin da na faɗa ya dawo mini kalma bayan kalma, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

"Hajiya, wasa ne fa," in ji Abba yana ƙoƙarin danne dariya. "Wasan kwaikwayo."

"Wasa? Kai ka taɓa yi mini irin wannan wasan?"

Abba ya sosa ƙeya.

"To ban ba shi ba," in ji Sitti, ta cire tabarau ta naɗe. "Wanda ya iya kallon tsabar idon tsohuwa ya ce bai san ta ba, gobe ni zai kai tashar Jidda ya ajiye. Ɗauki tsirenka, ɗan nan."

Dariyar Abba ta ɗauke. Ya riga ya faɗa da bakinsa, a'ar Hajiya a'a ce. 'Yan uwa, a nan na san ina son mutumin nan. Ba a saƙonni na sani ba, ba a shadda ba, sai da na ga ya miƙa hannu zai ɗauki ledar tsire ba tare da ya yi musu da tsohuwa ko da kalma ɗaya ba.

Yarinya ba ta magana a shofa sai an tambaye ta. Ni dai na ji bakina ya buɗe.

"Sitti, bai kalle ta ba."

Ummi ta zaro ido. "Mubina! Aib!"

"Sitti, sau huɗu kika kalla. Kin ce ya kalli tsabar idonta. Ya kalla? Ba takalminsa ya yi ta kallo ba? Ni da kaina na ce bai iya ba, na zage shi tas a kan haka. Ke kika ce mutum ba ya iya kwaikwayon abin da babu shi a ransa. To ai bai iya ba."

Sitti ta tsuke baki. Na ga tana mayar da fim ɗin baya a cikin kanta.

"Muryarsa ma rawa take," ta faɗa can, kamar ba ta so.

Sabitu ya ɗago. "Hajiya, in kin yarda in kira wata ku gaisa."

Bai jira dogon izini ba, ya danna kiran bidiyo ya miƙa mata wayar da hannu biyu. Na matsa bayan Sitti, kunya ta riga ta ƙare mini. Aka ɗauka. Sai ga wata dattijuwa a tsakar gida, tire a cinya tana tsince shinkafa, ta yi ƙiba, ta yi haske, amma ita ce. Tsohuwar tasha ce.

"Baiwar Allah!" Sitti ta dafe ƙirji. "Kina raye? Wa ya kai ki gida?"

"Inna, Hajiya ce, kakar Mubina," in ji Sabitu. "Ta ga fim ɗin nan."

Inna Hussaina, mahaifiyarsa ta gaske, ta kwashe da dariya har shinkafa ta zube. Dariya mai hawa uku. Ashe gado ce.

"Wayyo Hajiya, abin nan har Makka ya je? Ai samarin unguwarmu ne suka haɗa shi. Shi Sabitu wayar fitila aka kira shi ya ja musu, da wanda zai fito bai zo ba suka maƙala masa kwat. Tsohuwar da suka nema ita ma ta ce jikanta ba lafiya, suka zo suka lallaɓe ni. Tashar ma ta bakin layinmu ce."

"Amma ya ce bai san ki ba. Da kunnena na ji."

"Hajiya, sau goma sha ɗaya ana sakewa! In ya zo daidai wurin sai ya tsaya kamar an ɗaure masa harshe. Sai da na ce, kai, faɗi mana mu tafi, na bar wake a wuta. Da ƙyar ya faɗa, yana kallon ƙasa. Ana cewa an gama ya zauna a bakin kwalbati ya yi ta kuka, masu shayi na ba shi haƙuri. Daga nan har gida shi ya ɗauki ƙullin a kansa, ƙullin da babu komai ciki sai tsummokara. Kwana uku yana zuwa da asuba wai in yafe masa. Na ce me ka yi mini? Daga ranar ko kusa da kyamara bai ƙara zuwa ba."

Sabitu ya juya fuska wajen bango. Ni kuwa kwallin da na ɓata rabin awa ina sawa ya gama gangarowa.

Sitti ta ja carbi ɗaya, biyu. Sannan ta ce, "To kashi na biyu fa? An rubuta a jira. Ya koma ya ɗauko ki?"

"Ina fa! Ba a yi na biyun ba, Hajiya. Jarumin ya gudu."

"Ni ba na son a bar labari a rataye." Ta juya ga Sabitu. "Yaushe za ka kawo ta Umara?"

"Ina shirya mata Rabi'ul Awwal, in sha Allahu."

"Madalla. Ranar da motarsu za ta shigo Makka, a tura ni a kekena a kai ni inda za su sauka. In gan ka ka ɗauki ƙullinta a ka, ka riƙo hannunta, ka faɗa gaban jama'a da ƙarfi, wannan uwata ce. Kana kallon idonta. In na gani da idona, Dawuda ya ba ka."

"Hajiya, ai yanzu akwati gare ni mai taya," in ji Inna Hussaina daga cikin waya.

"A nemo ƙulli."

Abba ya fashe da dariyar da ya daɗe yana riƙewa. Sabitu ya durƙusa gaban Sitti, muryarsa na rawa kamar a fim ɗin, ya ce, "Ko yau ne, Hajiya." Ita kuwa ta jawo ledar tsire kusa da ita ta ce a kawo mata faranti kafin ya huce.

Ummi kuwa ta taɓe baki. Ta tattara finjalai, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Takardun izinin aure dai suna nan suna jira," ta wuce.

Bai kai ƙarshen layinmu ba saƙonsa ya shigo.

"Murfin tukunya yana gaisuwa."

"Don Allah ka goge muryar nan."

"Ina! Kullum sai na saurara. Ba wanda ya taɓa kallona da kyau haka."

"Me ya sa ba ka gaya mini ba?"

"Tsoro. Kin ce shi ya kashe fim ɗin."

Na rubuta na goge, na rubuta na goge. A ƙarshe na ce, "Na janye. Amma kwat ɗin ta yi maka yawa, wannan ba zan janye ba."

Bayan magariba na shiga ɗakin Sitti in ɗauko faifan, ina so in ga wurin nan da sabon ido. Na zazzage ledar Hajiyar Bichi, tara na samu. Na duba cikin na'urar faifai, babu. Sitti na kan sallaya, ta nuna mini hanyar ɗakin Ummi da haɓa.

Na taka a hankali. Ta ƙasan ƙofa haske na motsi, ga hayaniyar tasha, ga muryar nan mai rawa tana cewa ban san ta ba. Aka mayar baya. Ta sake faɗa. Aka ƙara mayarwa. Sai na ji an ja hanci.

"Ke da kike laɓe," in ji Ummi, "shigo."

Na tura ƙofa. Tana zaune a bakin gado da kwalin tishu a cinya. Wayarta na gefe tana haske tana ruri, sunan Khala Haifa a kai. Ummi ta kalle ta, ta kife ta a kan katifa, ta matsa ta ba ni wuri.

"Zauna ki fassara mini. Me tsohuwar take ce masa a nan?"